Uwar Kududdufin Abdulmutalib

In ka je wajen Yammedi ka tambayi Abdulmutalib, sai an tsaya ana tunanin ko wanne. Amma ka ce Ban-Yarda mai kifi, ko akuya ta san ƙofar gidansa. Sunan nan kuwa ba sharri aka yi masa ba, shi ya saya wa kansa da bakinsa. Ka ce masa an ga wata, sai ya tambayi wanda ya gani da kuma lafiyar idonsa. Ka miƙa masa goro, sai ya juya shi sau uku kafin ya ɓare. Matarsa Murja takan ce shekara talatin da huɗu tana tuƙa masa tuwo, har yau sai ya sansana miya kafin ya sa hannu.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Ɗan masunta ne gaba da baya, a cikin kwalekwale ya yi wayo. Lokacin da aka tare ruwa aka yi dam a Ƙaraye yana saurayi mai jini a jika, shi da ragarsa da ƙugiyoyinsa, ba ya dawowa gida hannu rabbana. Sai wata shekara raga ta fara fitowa fayau. Ya ce ƙaddara ce, ya ƙara addu'a, ya yi sadakar waina. Wata bakwai yana fama, ashe ɗan baffansa ne, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya, yake riga shi zuwa ya zazzage ragar ya mayar da ita yadda ya same ta. Kifin da ya tafi bai ƙona masa rai ba kamar yadda ya tuna cewa mutumin nan shi ne kan gaba wajen yi masa jaje kowace safiya. Tun daga nan, duk wanda ya yi masa fara'a sai ya tambayi kansa abin da yake nema.

Da masunta suka yi yawa, kifin dam ya ja baya, shekaru kuma suka fara hawa kansa, sai ya jingine kwalekwale. Ya haƙa kududdufai biyu a fadamarsa, bakin wani ɗan rafi da ba ya ƙafewa ko da bazara. Yakan sayo 'ya'yan tarwada daga masu ƙyanƙyasa, ya yi ta ba su abinci wata biyar ko shida, Murja ta yi banda, a kai kasuwar Ƙaraye da ta Rogo. Ya iya aikin, ba za a ƙwace masa wannan ba. Buhun abinci ba ya shiga rumbunsa sai ya farke ɗinkin ya tauna ƙwaya ɗaya da kansa.

Abu ɗaya ne ya taho da shi daga tsohuwar sana'a bai taɓa tuhumarsa ba. Ubansa ya gaya masa cewa ruwan da ba shi da babba maraya ne. Saboda haka kowane zubi, da zarar 'ya'yan kifi sun kai tsawon tafin hannu, sai ya ari kwalekwale ya shiga dam, ya kamo tarwada ɗaya tsohuwa, baƙa wuluk, ya sake ta a cikinsu. Ita ce uwar kududdufi. A cewarsa ita take koya wa na ƙyanƙyasa zaman ruwa, don su a baho aka haife su, ba su san komai ba. Murja ta sha yi masa ƙorafi cewa uwar nan tana haɗiye ƙanana. Shi kuwa sai ya ce ai uwa ba ta raino a banza.

Mutum ɗaya tak a duniya ya tsira daga zarginsa, shi ne Hamma. Bafulatani ne da ya taso daga wajen Falgore ya kafa ruga a saman rafin nan, yana noma yana kiwo, shekara ashirin da bakwai ke nan. Yadda abotar ta faro ma abin dariya ne. Wata rana saniyar Hamma ta maƙale a taɓo, Abdulmutalib ya taimaka aka ciro ta, Hamma ya aiko masa da ƙwaryar nono. Gogan naka ya ba kyanwa ta fara lasa, ya zauna yana jira ya ga ko za ta mutu. Labari ya koma wa Hamma, ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari ya zo da wata ƙwaryar ya kurɓa a gabansa sannan ya miƙa masa. Daga nan shi ke nan. Hamma yana kiransa Sarkin Ruwa, shi yana kiransa Ɗan Fulani, kullum bayan la'asar suna kan tabarma ɗaya a gindin mangwaro suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Har mukullin rumbun abincin kifi Hamma ya san inda ake ɓoye shi, abin da Murja ba ta sani ba.

To, bazarar bara waccan, wadda zafi ya hana ko kaji tono, kifi ya daina cin abinci. Sai ka ga tarwada ta miƙe tsaye a ruwa, kai sama jela ƙasa. Jiki ya fito da jajayen gyambuna, gashin baki ya ruɓe, ciki ya kumbura. Ranar farko ya tsame matattu goma sha wani abu. Kafin mako ya zagayo da bokiti yake kwasa. Ya zuba gishiri, ya zuba ruwan shuwaka, ya fasa kafso ya barbaɗa a abinci, duk a banza. Mutumin da ba ya barin sauro ya wuce bai bincike shi ba, ga dukiyarsa tana mutuwa a gabansa bai san hannun wa ke ciki ba. Ai kuwa ya kusa haukacewa.

Ya zargi mai abinci, sai ya tarar wasu sun saya daga buhu iri ɗaya kifinsu lafiya lau. Ya zargi mai ƙyanƙyasa, nan ma haka. Ana cikin wannan, wata safiya da hantsi ya bi rafin sama, sai ya hango Hamma a tsugune yana ɗauraye famfon feshi, irin wanda yake fesa wa shanu maganin kaska. Hamma ya ɗago hannu ya gaishe shi, shi ma ya amsa. Nan take ya tuna sau biyu Hamma yana cewa, cikin raha, injin da ke jan ruwa zuwa kududdufai yana barin shanunsa da lasar taɓo. Ashe ba raha ba ce! Ya dawo gida ya gaya wa Murja.

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Hamma fa? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ka je ka tambaye shi mana, ƙafa nawa ne tsakaninku?"

Ya ce, "In tambaye shi ya ce mini me? Ɓarawo ya taɓa cewa shi ne?"

Ranar Juma'a bayan an sallame, jama'a na neman takalma, Hamma ya ratso ya kama hannunsa. Ya ce, "Sarkin Ruwa, kwana biyu ba ka fito tabarma ba. Yaya muka ji da wannan asara? Allah ya mayar da alheri."

Jaje! Kalmar nan ta sauka masa kamar an watsa wa gyambo barkono. Ya zare hannunsa, ya ɗaga murya yadda har na sahun baya suka ji. "Riƙe jajenka. Na san irinsa, an taɓa yi mini. Wanda ya wanke guba a rafi ya san ya wanke."

Wuri ya yi tsit. Hamma ya dube shi, ya duba mutane. Ya gyara malfarsa, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya tafi. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin magariba ta kai kunnen mai unguwa, shi kuma ya ce a dakata mako uku, sai ardon su Hamma ya dawo daga tafiya a zauna. In ta tabbata, Hamma zai janye shanunsa daga mashayar rafin. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: da bazara babu wani ruwa a kusa, hana shi rafin daidai yake da a ce ya tattara ya bar ƙasar.

Kwana uku da yin haka, wata mota ta tsaya a bakin fadama. Mace ce ta fito, da hijabi da takalmin roba har gwiwa, tana riƙe da akwatin ƙanƙara. Ta yi sallama, ta rusuna.

"Baba, ina wuni? Yaya zafi? Yaya iyali?"

"Lafiya. Wa ya aiko ki?"

Ta yi murmushi. Ta ce sunanta Halima Sadiya, malama ce a wata jami'a a Kano, tana zagaya masu kiwon kifi na Ƙaraye da Rogo. Bincikenta a kan cututtukan kifi ne, da yadda jikin kifi yake kare kansa, abin da suke kira garkuwar jiki. A kasuwa ta ji labarin asararsa.

Abdulmutalib ya ƙare mata kallo tun daga sama har ƙasa. Mutum ya ƙona mai tun daga Kano don tarwadar wani? Ko dai 'yar leƙen asiri ce, gwamnati na shirin sa wa kududdufi haraji? Ya ce ta nuna takarda. Ta nuna. Ya juya ta gaba da baya, ko da yake boko bai wuce ya gane sunansa ba, ya mayar mata.

Da ƙyar ya bar ta ta ɗebi ruwa, na kududdufi da na rafi, kowanne a kwalbarsa. Ta ɗauki matattu uku ta sa a ƙanƙara. Da ta zaro sirinji ta soka wa wata mai gyambo kusa da jela, jini ya hau, sai ya yi tsalle ya ja da baya.

"Innalillahi! Jinin kifi kuma? Malama, me za ki haɗa da shi?"

Ta ce, "Baba, ai kamar na mutum ne a asibiti. A jini ake ganin ko jiki yana faɗa da cuta, ko ya taɓa haɗuwa da ita."

Sannan ta roƙi a jefa koma, wato ragar kamu, ko za a sami mai lafiya. Ya jefa, ya jawo, sai ga uwar kududdufi tana bugun ruwa, santala-santala, ko ƙwarzane babu a jikinta. Halima Sadiya ta tsaya tana kallonta. Ta tambayi yadda aka yi wannan ta fi sauran girma haka. Ya gaya mata, har da ɗan alfahari, ya kawo maganar ubansa. Ba ta yi dariya ba. Ta dai nemi izini ta ɗebi jininta, ta goga auduga a yauƙin jikinta. Ya yarda bisa sharaɗin shi zai riƙe ta da hannunsa, shi kuma zai mayar da ita ruwa.

A kwanakin da suka biyo baya gari ya rabu biyu, mafi yawa kuma suna bayansa, don mutane na son labarin guba. Tasalla, matar Hamma, ta kai nono kasuwa sau biyu ta dawo da shi ko ludayi ɗaya ba a saya ba. Murja ce ta kawo masa labarin, idonta ya yi ja. Ta ce, "Matar da ta zauna da ni kwana bakwai da na yi ɓari, yau ita ake nunawa da baki. Malam, ka ji daɗi?" Bai ji daɗi ba, amma ya ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa.

Bayan kwana tara malamar ta dawo. Suka zauna a bakin kududdufi, ta buɗe waya tana nuna masa wasu hotuna da shi dai ɗige-ɗige kawai yake gani. Ta ce ba a sami maganin feshi a ruwan ba, na rafi ko na kududdufi. Ta ce, "Baba, guba ba ta zaɓe. Da ita ce, da rana ɗaya za ta kwashe su, har da kwaɗin nan da suke mana kuka, har da uwar taka. Wannan ƙwayar cuta ce. Mun same ta a matattun, mun kuma same ta a jikin babbar."

"Babbar da ta fi kowa lafiya?"

"Ita fa. Jininta ya nuna ta daɗe da sanin cutar, ta yi faɗa da ita ta ci, jikinta ya yi garkuwa. Tana ɗauke da ita, amma ba ta kayar da ita. Su kuwa ƙananan ba su taɓa gamuwa da irinta ba. Ga zafi, ga shi bana ka cika su da yawa, jikinsu ya yi rauni. Ba zan rantse maka ba, don bincike ba a yi masa gaggawar rantsuwa, amma duk alamu wajenta suka nufa."

Abdulmutalib ya ji kamar an zagi ubansa a kabari. Shekara nawa yana sa uwa ba abin da ya faru? Ta ce ba kowace ce take ɗauke da cutar ba, ta bana ce aka yi rashin sa'a. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gano bakin zare.

"Malama, kin biya ta rugar Hamma, ko? Nono ya ba ki ko ɗan maraƙi?"

Da wata ce, da ta tashi ta kaɗe zaninta. Ita kuwa sai ta ce, "Baba, ban san wani Hamma ba. Amma ka yi daidai da ba ka yarda da ni ba, aikinmu ma haka yake, ba a yarda sai an gwada. Ka gwada da kanka." Ta gaya masa yadda zai yi: ya sami lafiyayyun 'ya'yan kifi, ya raba biyu, rabi a ruwan rafin da yake zargi, rabi a ruwa mai tsabta tare da uwar, ya zuba ido. Ta bar masa lambar wayarta ta tafi.

Wannan kam ta shige shi, don gwaji ne da ba hannun kowa a ciki sai nasa. Kwana tara ya rage a zauna gaban mai unguwa, kuma ya ƙudurta zai je da hujjar da za ta rufe bakin malamar da na Hamma gaba ɗaya. Washegari da sassafe ya hau mota zuwa Kano, ya sayi 'ya'yan tarwada arba'in a wurin da ba wanda ya san shi. Ya yanka durom ɗin roba biyu, ya wanke da gishiri, ya shanya. Ɗaya ya cika da ruwan da ya ɗebo daidai inda ya ga Hamma a tsugune. Ɗayan ya cika da ruwan rijiyar gidansa, wanda shi da iyalinsa suke sha, ya sa uwar a cikin kwandon waya don kada ta haɗiye su ta ɓata masa lissafi. Da zai raba kifin ma rufe ido ya yi, kada zuciyarsa ta zaɓa masa. Ya ajiye su a tsohon ɗakin awaki, ya sa kwaɗo, ya rataya mukullin a wuyansa.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kowa na cin abinci. Duk sanda ya canja ruwa, kowane durom da irin nasa, kowanne da bokitinsa. A kwana na uku ya ga kamar rana ta fi dukan ɗaya ta taga, sai ya sauya musu wuri, don ba ya son a ce ya yi son kai. A na huɗu na wajen uwa suka rage ci. Ya ce ƙila tsoronta suke ji. A na biyar da ya buɗe ƙofa da hantsi, biyu sun miƙe tsaye a ruwa. Ya tsamo ɗaya ya juya cikinta, ga jan tabo nan kamar an ɗiga mata manja. Ya leƙa ɗaya durom ɗin, na ruwan Hamma, suna ta wasa suna rububin abinci, 'yan banza, kamar da gayya.

Ya zauna a kan turmi ya rasa wanda zai zarga. Ya duba kwaɗon, ba a taɓa ba. Ya duba taga, ko ɓera ba zai shiga ba. Ruwan rijiyarsa ne, hannunsa ne, kifin da ya kamo da kansa ne. A kwana na takwas, goma sha uku sun mutu a wajen uwa, ɗaya ɓangaren kuwa ko ɗaya. Ya kira Murja ya nuna mata. Ta duba nan, ta duba can, ta ce, "Allahu akbar." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

Ranar zama, mutane suka cika gindin ceɗiyar ƙofar mai unguwa. Ardo na gefe da mutanensa, Hamma na zaune a ƙasa ya sunkuyar da kai, ya rame. Kafin a fara, mai unguwa ya jawo Abdulmutalib gefe, don dattijo ne mai son a rabu lafiya. Ya ce masa a hankali, "Malam, ba ka da shaida, shi ma ba shi da ita. Ka ce ka yafe kawai, a shafa fatiha, kowa ya riƙe mutuncinsa."

Wallahi ya so ya karɓa. Ƙofa ce aka buɗe masa, ba wanda ya san abin da ke ɗakin awaki sai Murja. Abin da ake buƙata kawai ya ce ya yafe, a yaba masa da haƙuri, a tashi. Sai dai ya san in ya faɗi haka, Hamma zai mutu da sunan wanda aka yafe wa zuba guba. Ya koma cikin taro, ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba yafiya na zo yi ba, don ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Ni na kashe kifina da hannuna."

Ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga uwar kududdufi har zuwa durom biyu, bai rage komai ba. Wasu suka riƙe baki, wasu suka ƙunshe dariya, wani daga baya ya ce ashe Ban-Yarda ma yana da abin da ya yarda da shi. Bai kula ba. Ya juya wajen Hamma. "Ɗan Fulani, na zalunce ka a gaban jama'a, ga ni a gaban jama'a. Ka yafe mini don Allah."

Hamma ya ɗago kai. Da ya yi magana kuwa, a hankali ya yi ta, ba faɗa.

"Malam Abdulmutalib, na yafe maka duniya da lahira. Kwana nawa ka ce ka yi kana gwada kifin nan?"

"Takwas."

"Har Kano ka je dominsa. Ka rufe ido don kada ka zalunce shi, ka sauya masa wuri don kada rana ta yi masa rashin adalci." Ya dube shi ido cikin ido. "Ni shekara ashirin da bakwai muna tabarma ɗaya. Ko tambaya ɗaya ban samu ba."

Abdulmutalib ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya yi maza ya sa aka shafa fatiha, ya ce mashaya tana nan ta Hamma kamar yadda take. Hamma ya yi godiya, ya ce amma ya riga ya aika wa 'yan'uwansa a Falgore, sun ba shi wuri. Ardo ya roƙe shi, liman ya roƙe shi. Ya ce ba fushi ba ne, kawai dai ba zai iya sake tsugunawa a bakin rafin nan ba tare da ya waiga ya ga wa ke kallonsa ba.

Malama Halima Sadiya ta ci gaba da zuwa. Ta koya masa ya zazzage kududdufi ya bar rana ta gasa shi, ya zuba farar ƙasa, ya rage yawan zubi, kada kuma ya sake haɗa kifin dam da na gida. Ya bi, kifi ya yi kyau. Har yau in ta zo da ɗalibanta takan sa shi ya ba su labarin durom biyu, ta ce ba ta taɓa ganin gwaji mai tsabta irinsa ba. Yakan ba su, amma ba ya jin daɗin yabon.

Hamma kuwa ruwan farko na sauka ya tashi. Abdulmutalib ya je rugar da safe ya tarar an ɗaure kaya a kan jakuna, Murja da Tasalla sun rungume juna suna kuka. Akwai wani ɗan maraƙi da aka haifa kwana biyu da suka wuce, ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. Bai tambayi kowa ba, ya sunkuya ya saɓa shi a wuya ya bi bayan garke. Hamma ya gan shi, bai hana shi ba. Suka yi ta tafiya, dattijo da maraƙi a wuya yana haki, uwar maraƙin na biye da shi tana kuka, ba mai ce wa wani komai. Shi dai fatansa tafiyar ta yi tsawo, ko Allah zai kawo masa abin faɗa.

Da suka kai inda burtali ya haɗu da hanyar Rogo, Hamma ya tsaya. Ya miƙo hannu biyu ya sauke maraƙin daga wuyansa, ya ɗora a nasa.

Ya ce, "Ya isa nan, Malam. Na gode. Koma, kifinka bai ci abinci ba."